Bahagon Castelbruno

A garinmu Portovalle, idan kakar besbol, wasan nan na jifan ƙwallo da dukanta da sanda, ta ƙare a watan Satumba, wasan ba tsayawa yake yi ba, komawa yake yi shagon kofi na Gigliola da ke bakin tashar jiragen kamun kifi. A nan ake sake buga duk wasan da aka sha kashi, a kori wanda za a kora, a sayo wanda za a sayo, duk da fatar baki. A shekarar da nake ba ku labari maganar ɗaya ce har sanyi ya shigo: ba mu da mai jifa. Masu duka muna da su, masu gudu muna da su, amma kowace shekara sai mu ƙare na biyu a rukuninmu, a bayan Castelbruno, garin da ke can cikin duwatsu. Dalilin kuwa kowa ya san shi. Suna da wani bahago ɗan Venezuela, Yorman Aponte, wanda in ya hau tudun jifa 'yan wasanmu sai su yi ta kai wa iska duka kamar masu korar ƙuda.

Kocinmu a lokacin Ermes Baldazzi ne, dogo siriri mai furfura, ya haura sittin. A ƙuruciyarsa shi ne mai jifan garin nan, mutumin da kuma ya yi shekara da shekaru yana tsugunne a gabansa yana cafe masa ƙwallo shi ne Tullio Zavatta. Tare suka tashi a unguwar masunta, Tullio ne ma babban abokin ango ranar aurensa. Daga baya Tullio ya auri Nerina 'yar Castelbruno, ya bi ta can, har ya zama kocin ƙungiyarsu. Shi ya ɗauko Yorman a lokacin da kowa ke gudunsa saboda ciwon gwiwar hannu, ya ajiye shi a ɗakin saman gidansa, Nerina tana dafa masa, har ya koma kiransu Baba da Mama. In ƙungiyoyin biyu sun haɗu, Ermes da Tullio su yi ta jifan juna da baƙar magana daga wannan rumfa zuwa waccan, a tashi kuma su tafi cin soyayyen kifi tare.

A watan Nuwamba Tullio ya faɗi a gonar inabinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka fara barin masu dubiya su shiga, Ermes ya tafi asibitin da 'yar jakar lemo. Ya tarar da shi a kan kujera kusa da taga, bakinsa ya ɗan karkace, maganar tana fita a hankali amma tana fita.

"Dogo," in ji Tullio, "ka zo ka ga ko na mutu ku samu ku ci rukuni?"

"Ko ka mutu sai ka aiko mana da bahagon nan naka. Ci lemo, tsohon banza."

"Ɓare mini. Ba ka ga hannun ya tafi hutu ba?"

Ermes ya zauna yana ɓare masa, yana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Da Nerina ta fita neman likita, Tullio ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Akwai abin da ke hana ni sukuni, ba jikin nan ba. Kamfanin tayil ɗin da ke ɗaukar nauyinmu ya janye. Ba a sanar ba tukuna. Kwantiragin Yorman ya ƙare, ba mu da abin sabunta masa." Ya tsaya ya numfasa. "Ya yi mini alkawari zai jira har in miƙe in nemo wasu. Amma matarsa da 'yarsa suna can ƙasarsu, yana son kawo su, takardun kuma ba sa fita sai da kwantiragi. Kai kaɗai na gaya wa, Dogo. Ko Nerina rabi ta sani. Na rasa wanda zan faɗa wa ne."

Ermes ya dafa masa kafaɗar da ke da lafiya, ya ce ya kwantar da hankalinsa, komai zai daidaita. Kuma a lokacin da ya faɗa, har zuciyarsa ya faɗa.

Ba a daɗe ba shugabar ƙungiyarmu ta kira shi. Sinyora Loredana Pirazzoli ce, mai kamfanin tumatirin gwangwani, mace mai son a yi magana a gama. Ta karɓe shi a ofishinta da ke saman masana'anta, injuna suna ta ruri a ƙasa, ko zama bai gama yi ba ta fara.

"Ermes, na gaji da zama ta biyu. Mijina ya rasu yana ta biyu, ni ba zan bi shi a haka ba. Bana ko dai mu ci rukunin nan, ko in kawo wani koci daga Parma. Ba barazana nake maka ba, gaya maka nake yi."

Ta ce wani dillali ya nuna mata hotunan masu jifa daga ƙasashen waje, duk ba ta yarda da su ba. Ana kawo su da surutu, sanyin Afrilu ya taɓa su, su koma gida da ciwon kafaɗa.

"Irin Aponte nake so. A ina ake samun irin Aponte?"

Ermes yana kallon hularsa a kan gwiwa. Shekara nawa yana wannan aiki bai taɓa ɗaga kofi ba, ga shi ana maganar wani daga Parma. Bai shirya faɗa ba, bai kuma hana bakinsa ba.

"Aponte ba shi da kwantiragi," ya ce.

Ta cire tabarau. "Me ka ce?"

"Na ji an ce ya ƙare. Ba su sabunta ba."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Ba ta sake tambaya ba. Ta ce ya je ya same shi a cikin makon, ya gaya masa za a ba shi shekara biyu, da gida, da lauyan kamfani da zai bi takardun iyalinsa. Ermes ya sauko daga benen yana riƙe da ƙarfen matakala. A mota ya ce wa kansa ai in bai ɗauke shi ba wasu za su ɗauka. Ya ce ai taimakon yaron ne. Ya ce ai wasa ne, Tullio ma da shi ne haka zai yi. Wannan ta ƙarshen ko shi bai yarda da ita ba.

Sun haɗu da Yorman da rana a shagon kofi na tashar jirgin ƙasa, a wani gari da ke tsakanin garuruwan biyu. Yorman mutum ne mai faɗin kafaɗa da sanyin magana, ya iya yarenmu har da karin mutanen duwatsu. Ya saurari komai hannayensa biyu suna rungume da kofi. Da aka zo kan maganar matarsa da 'yarsa sai ya ɗago.

"Su zo kafin a fara kaka?"

"Lauya ya ce zai yiwu."

Yorman ya ciro waya ya nuna masa hoton yarinyar, haƙoranta na gaba sun fita. Ya ce da ya baro ta ko magana ba ta iya ba. Sai kuma ya kife wayar a kan tebur.

"Koci, na yi wa Baba Tullio alkawari. Ba zan iya tafiya yana kwance ba. Ya san kun zo wurina?"

A nan ne Ermes ya yi abin da ya fi damunsa daga baya. Bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Ai shi ya gaya mini halin da ake ciki. Da bakinsa, a asibiti. Yana cikin damuwa sosai a kan iyalinka."

Fuskar Yorman ta saki. Idanunsa suka ciko, ya sa bayan hannu ya goge.

"Tsohon nan," ya ce. "Yana kwance amma ni yake tunani. Ya kasa gaya mini da kansa, shi ne ya turo ku."

Ermes ya ga inda maganar ta faɗa. Yana da lokacin gyarawa, kofi ma bai huce ba. Sai ya ɗaga hannu ya kira mai shago ya ce a kawo musu ruwa. Kafin mako ya zagayo Yorman ya sa hannu.

Ranar da labari ya fita, shagon Gigliola ya cika har bakin titi. Ina wurin. Tsofaffi sun ture katin da suke bugawa gefe, an jera kofuna a kan tebur, kowane kofi ƙungiya ɗaya ce ta rukuninmu.

"Castelbruno dai an gama da su," in ji wani tsohon masunci, ya kife kofi ɗaya. "In ka cire bahagon me ya rage? Yara masu gudu da wando ya fi ƙarfinsu."

"San Vitale fa? Suna da masu duka."

"Masu duka na dama! Bahago ne maganinsu. Ka manta yadda ya mayar da su bara? Har kocinsu ya jefar da hula."

"Ni Torre Alta nake tsoro. An ce sun kawo wani ɗan Kuba."

"Kowace shekara suna kawo ɗan Kuba. Ya zo ya ci taliya ya yi tumbi."

Gigliola tana zuba kofi tana cewa ita dai kada a fara rawa tun yanzu, mai jifa ɗaya ba ya jifa ranar Asabar ya sake jifa ranar Lahadi, wa zai riƙe wasa na biyu? Aka ce ta yi shiru, ta cika ɓata daɗi. Ana cikin haka Ermes ya zo wucewa da burodi a hammata. Aka janyo shi ciki da ƙarfi, ana bubbuga masa baya.

"Kai, Ermes, ashe kai mugu ne! Muna ganinka shiru-shiru!"

"Yaya ka yi ka san kwantiraginsa ya ƙare? Kana da ɗan leƙen asiri a can?"

"Wallahi Tullio zai tashi daga gadon nan don haushi. Ka warkar da shi!"

Aka kwashe da dariya. Ermes ya yi abin da ya yi kama da murmushi, ya sha rabin abin da aka miƙa masa, ya ce ana jiransa da burodi.

A gida matarsa Ombretta ta zuba masa romo da 'yan ƙunshin taliya, abincin da ya fi so idan ana sanyi. Ya yi ta juya cokali. Ita ba ta zuwa filin wasa, amma ta san mijinta, ta kuma san ranar da ya je asibiti.

"Tullio ne ya gaya maka, ko?"

Ya ci gaba da juya cokali.

"Ermes, da kai nake."

"Da wasu sun ɗauke shi."

"Wasu ba su ɓare masa lemo ba. Ka tashi ka je ka gan shi tun bai ji a bakin wani ba."

"Zan je."

"Yaushe?"

"In an sallame shi. Ba a kai wa marar lafiya irin wannan magana a asibiti."

Aka sallami Tullio kafin Kirsimeti, Ermes bai je ba. Ya ce a bar shi ya huta. Sau ɗaya ya kama hanya har ya fara hawan duwatsu, da ya hango hasumiyar cocin Castelbruno sai ya juya a gidan mai. Wayarsa in ta yi ƙara sai ya yi saurin dubawa, amma Tullio bai kira ba. Nerina, wadda kowace shekara take aiko wa Ombretta da kwalbar zuma, ba ta aiko ba.

A watan Janairu aka fara atisaye a ɗakin motsa jiki na makarantar gari, saboda fili ya jiƙe. Ranar farko Yorman ya zo da jakarsa, bai gaishe da kowa ba. Ya jira sauran suka fara zagaye, ya tako har inda Ermes yake tsaye.

"Koci, ina da magana."

Suka koma bayan ragar da ake jifa a ciki.

"Lokacin da na sa hannu na so in je asibiti, Mama ta ce likita ya hana a tayar masa da hankali. Na ɗauka ita ma ta sani. Da ya dawo gida na je kwashe kayana. Na durƙusa a gabansa, na riƙe hannunsa, na yi masa godiya da ya turo ku." Muryarsa ba ta tashi ba. "Kun san yadda ya dube ni?"

Bai jira amsar Ermes ba, ya ci gaba.

"Bai ce ba shi ba ne. Bai ce komai ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa Mama ta ba ni bargon da ke kan gadona, wai gidajen bakin teku sun cika danshi. A bakin ƙofa ne ta gaya mini gaskiya. Ta ce shi ma a jarida ya ga labarin."

"Yorman, abin da na faɗa maka..."

"Na san abin da kuka faɗa. Na yi ta maimaita shi a kaina. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, shi ya sa ya fi ciwo." Ya saɓa jakarsa. "Na sa hannu, iyalina suna hanya, zan yi muku jifa da duk ƙarfina. Ku gaya mini ranar da zan hau tudu da ranar da zan huta. Ban da wannan kada ku yi mini magana."

Ya shiga raga. Ƙwallon farko da ya jefa, ƙararta a safar hannun mai cafewa ta sa duk ɗakin ya waiwayo, samari suna fito suna tafi. Ermes ya fita waje ya tsaya cikin yayyafi babu hula.

Washegari da hantsi ya hau mota, wannan karon bai juya ba. Nerina ce ta buɗe ƙofa, da gari a hannunta. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ka yi ɓatan hanya ne?"

"Nerina, don Allah."

"Shekara nawa kana cin abinci a teburin nan? Ni da a ce ta ni ce, a nan za ka tsaya." Ta matsa gefe. "Yana baya. Kada ka daɗe, yana gajiya."

Tullio yana baranda a keken marasa lafiya, an lulluɓe masa ƙafafu, ƙwallo tana cikin hannunsa na dama yana ƙoƙarin matsa ta kamar yadda likita ya ce. Yatsun ba sa rufuwa duka. Ya rame. Bai yi mamakin ganinsa ba.

"Zauna," ya ce.

Ermes bai zauna ba. Ya faɗi komai a tsaye, ofishin Sinyora, kocin Parma, shagon tashar jirgi, kalmomin da ya zaɓa. Bai nemi uzuri ba, ko da yake ya shirya wasu a hanya. Da ya gama sai ƙwallon ta suɓuce daga hannun Tullio ta gangara. Ermes ya bi ta ya ɗauko ya mayar masa.

"Tafiyarsa ba ita ce ta dame ni ba," in ji Tullio, kalma bayan kalma. "Ina kwance ina lissafi, na san ba zan iya riƙe shi ba. Wa zai ba ƙungiya kuɗi kocinta yana zubar da miyau? Da ko ba daɗe ko ba jima zai tafi. Amma da ni zan sallame shi. In zaunar da shi in ce je ka, na yafe maka alkawarin. Wannan kaɗai ya rage mini in yi masa, ka karɓe. Ka bar shi ya zo ya durƙusa yana gode mini a kan abin da ban yi ba. Yanzu ko ido ba ya iya haɗawa da ni."

"Ka faɗi abin da zan yi."

"Babu. Me za ka yi? Ka dawo da shi mu ci ƙasa tare?"

A kicin ana jin Nerina tana buga kwaɓin gari a kan katako da ƙarfin da ya wuce buƙata.

"Ka saurare ni," in ji Tullio. "Ba don kai ba. Gwiwar hannun nan ni na yi jinyarta. In ana sanyi kada ka bar shi ya gama wasa, ko ya roƙe ka, kuma zai roƙe ka. In ka ga ya fara girgiza hannun bayan jifa kamar yana yarfe ruwa, ka cire shi nan take, ko ana gab da cin kofi ne. Ba zai taɓa cewa yana ciwo ba. In ka lalata hannun nan, Ermes, kada ka zo jana'izata."

"Na ji."

"To, je ka. Na gaji."

Ermes ya kai bakin ƙofar baranda ya tsaya. "In dawo?"

Tullio yana kallon gonar inabin da ba a yi wa aski ba bana. "Hanya ba tawa ba ce," ya ce.

Ya riƙa komawa. Ya lura babu wanda ya taɓa inabin, sai ya zo da almakashinsa ya yi ta sassabe rassan, layi bayan layi, har sanyi ya fita. Nerina ba ta hana shi ba, ba ta kuma kira shi tebur ba. Wani lokaci takan ajiye gurasa da cuku a kan katanga ta koma ciki. Tullio yakan kalle shi daga baranda, in ya yanke reshen da bai kamata ba ya buga sandarsa a ƙasa.

Kaka ta buɗe a watan Afrilu. Matar Yorman da 'yarsa sun iso ana saura kaɗan, yarinyar tana zama a bayan raga cikin rigar sanyin da ta yi mata yawa. Abin da tsofaffin shagon Gigliola suka faɗa kusan duk ya tabbata. San Vitale suka zo da masu dukansu suka koma ba su taɓa komai ba. Ɗan Kuban Torre Alta bai yi tumbi ba, ya ba mu wahala, amma mun raba wasanni da su. Gigliola ma ta yi gaskiya, wasannin Lahadi sun sha ba mu kunya. A wani wasa da Torre Alta, ana iska mai sanyi daga teku, muna gaba da ci ɗaya, Ermes ya fito daga rumfa ya karɓi ƙwallo daga hannun Yorman ana saura zagaye biyu. Filin gaba ɗaya ya yi masa ihu, har da masu jifa da ledar gyaɗa. Wanda ya shiga ya zubar da wasan. Sinyora ta kira shi ta wanke shi tas.

Castelbruno kuwa sun zo mana a watan Yuni suna can ƙasan rukuni, da samarin gari da wani mataimakin Tullio yana jan su. Ana gab da farawa aka ga Nerina tana turo keken Tullio ta ƙofar baƙi, wasu samari suka ɗaga shi zuwa saman matakala inda ake ganin fili sosai. Mutanen garinmu suka miƙe suka yi masa tafi, don har yanzu ɗan unguwar masunta ne. Yorman yana kan tudu yana ɗumama hannu. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, bai ɗaga kai ba.

Wasan bai yi daɗin kallo ba. Yorman ya yi ta fitar da tsofaffin abokansa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya yi shekaru yana cin abinci da su, ba murna ba ihu. Mun ci da tazara mai yawa. Ana ta waƙa a ɓangarenmu, Ermes yana zaune a ƙarshen benci yana kallon takalmansa.

Da aka tashi Yorman ya ɗauki 'yarsa ya haye matakalar baƙi. Daga ƙasa muna ganinsa ya tsuguna a gaban keken, Tullio ya sa hannun hagu ya taɓa kan yarinyar, sannan ya kama gwiwar hannun Yorman yana lallatsawa yana tambayarsa wani abu. Samarin Castelbruno sun riga sun shige motarsu. Nerina ta duba hagu da dama, ta ga Ermes a tsaye a gindin matakala da hula a hannu.

"Kai," ta ce, "tsayuwa ka zo yi? Zo ka kama."

Ya hau. Yorman ya kama gefe ɗaya na keken, shi ya kama ɗayan, ba wanda ya dubi wani. Suka fara saukowa da shi, Nerina tana gaba riƙe da hannun yarinyar.

"A hankali," in ji Tullio. "Kana karkata ni."

"Yi haƙuri."

"Ba haƙuri na ce ba, ɗaga ɓangarenka."

Suka kai shi har mota, suka sa shi a kujerar gaba, Ermes ya naɗe keken ya sa a baya. Nerina ta tayar da mota ba ta yi sallama ba.

Mun ci rukunin a watan Agusta, karo na farko tun ina saurayi. A zagaye na gaba wata ƙungiya daga kudu ta fitar da mu, amma babu wanda ya damu, an yi kwana da kwanaki ana shagali a bakin tasha. Ƙungiyar Castelbruno ba ta shiga gasa ba a shekarar da ta biyo, sai ta yara kawai suka riƙe. Sinyora ta ba Ermes sabon kwantiragi, ya ce ya gode, gwiwoyinsa sun gaji. Yorman ya yi mana shekarunsa biyu da hannunsa lafiya, ya ƙara da ta uku. Ranar da Ermes ya kwashe kayansa daga rumfa Yorman ya zo ya miƙa masa hannu, suka gaisa, iyakar abin ke nan.

Tullio yana tafiya da sanda yanzu. Lokacin tsinkar inabi Ermes yakan hau can ya taya su, wani lokaci da Ombretta. Na taɓa tambayarta ko Ermes da Tullio sun shirya. Ta ce tana ganinsu dai a ƙarshen layi ɗaya suna cika kwando, suna gardama a kan ko za a yi ruwa.